Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Gidajen Rediyo Da Talabijin Na Kaduna

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Allah ya taya ku riƙo.

Ni mai gyaran rediyo ne a Tudun Wada. Na shiga sana'ar ina yaron shago a 1979, kuma har yau ina kan bencin, sai dai aikin ya ja baya ƙwarai. Rabin shagon ma ɗana ne ya karɓa, yana gyaran waya yana tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan muryoyinku ne ma'aunin aikina. In na gama liƙi na murɗa, na ji muryar mai labarai ta fito tangaran babu shuu, to aiki ya yi, sai in rufe akwati in ɗaure kusoshi. Wannan doguwar ma'amala ce ta ba ni ƙarfin halin rubuto muku.

Da wuya mako ya wuce ban ji an gayyato wani dattijo ko malami a ɗaya daga cikin tashoshinku ana tattauna lalacewar al'adunmu ba, kuma kullum mai laifin ɗaya ne, wayar hannu. A yi tir, a yi addu'a, lokaci ya cika, a sa talla. Yaran da aka yi zaman dominsu ba su ji ba, don ba nan kunnensu yake ba. Ni ma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don a gaban idona ake yinsa kullum, tsakanin bencina da teburin ɗana. Amma kukan ya isa haka, musamman daga bakin mutanen da babban rabo na maganin yake cikin ɗakin ajiyarsu.

Kafin a ɗora wa waya laifi duka, a tuna ba ita ta fara taɓa al'ada ba. Magabatanku ne suka fara. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tashi a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Ya sha ba ni labari cewa a ƙuruciyarsa, in kana so ka ji makaɗin fada sai ka jira Salla, ka taka sayyada zuwa birni, ka tsaya can bayan dogarai ka tsinci abin da iska ta kawo maka. Waƙar ta sarki ce, ba taka ba ce. Makaɗan Faru da Isa da Maradun kuwa, sai dai labarinsu a bakin fatake. Da gwamnatin Sardauna ta kafa Rediyo Talbijin Kaduna a 1962, shi kuma ya zo ya kama aiki a masaƙa a Kakuri, sai ga shi kwance a tabarma bayan ya taso daga aikin dare, taushi da kotso suna tashi a gefen kunnensa daga akwatin da ya saya da guminsa. Waƙar da aka tsara don mutum ɗaya a zaure ɗaya ta zama ta lebura da direba da mai shayi. Haka tafsiri. Da aka fara ɗauko karatun Shehu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello ana sawa da azumi, matar da ke cikin kulle a Gusau ko Yola ta riƙa jin fassarar Alƙur'ani tana gaban murhu, abin da kakarta ba ta taɓa samu ba. Gaisuwa ma, wadda a da ƙafa ce ke kai ta, Zaɓi Sonka ya mayar da ita kati. Kakana bai taɓa yarda da wannan ba. Har ya koma ga Allah rediyo bai shiga zaurensa ba, kuma yana cewa wanda ya gaishe ka ta akwati bai gaishe ka ba.

Abin da nake so mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai shi ne, yawancin abin da mu 'yan shekara sittin muke kira gargajiya, abin da rediyo ya zaɓa ya yi ta maimaita mana ne. Mawaƙin da aka naɗa shi ya zama babban mawaƙi. Wanda motar ɗauka ba ta kai ƙauyensu ba, an binne shi da waƙoƙinsa, ko da ya fi kowa fasaha. Hausar da muke cewa ita ce daidaitacciya, jarida da rediyo ne suka raba mana ita gida-gida, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939. Babu wanda ya gaji Majalisar Ɗinkin Duniya ko jirgi mai saukar ungulu ko gajeren zango daga bakin kakarsa. Wasu mutane ne suka zauna suka ƙera kalmomin, suka yi ta faɗa har suka zauna a bakin kowa kamar da su aka haife mu.

Kuma wannan magana ta fi nauyi a Kaduna fiye da ko'ina. Garin nan ba shi da ganuwa, ba shi da fadar da ta girmi Turawa. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, kowa da ƙunshinsa ya zo: Bakano, Basakkwace, Banufe, Babarbare, Bayarabe, mutanen Kudancin Kaduna, suka tarar da Gbagyi a ƙasarsu. Yaron da aka haifa a Unguwar Shanu ko Kawo ko Makera ba shi da dandalin ƙauyen ubansa. Akwatin nan shi ne ya zama mana dandali, shi ne kakar da ke mana tatsuniya. Don haka in yau wani akwati ƙarami ya karɓe wannan gurbi, ba baƙon abu ne ya faru ba. Abin tambaya shi ne, me ke cikin sabon akwatin, kuma wa ke zaɓa.

A nan bambancin yake. A gidajenku mutum ne yake zaɓa, mutum mai suna, mai unguwa, mai surukai. In ya sa abin da bai dace ba, za a tare shi a wurin ɗaurin aure ko bakin masallaci a ce masa, Malam wane, jiya ba ka kyauta ba. Kunya tana cikin aikin. Mai zaɓa a TikTok da Facebook da YouTube kuwa lissafi ne. Abin da yake aunawa shi ne daƙiƙa nawa ɗan yatsa ya tsaya a kan hoto, wa ya sake kallo, wa ya tura wa wani. Duk abin da ya fi riƙe ido shi yake ƙara turowa, domin zaman da mutum ya yi yana kallo shi ake sayar wa masu talla. Lissafi bai san suruki ba, bai san makoki ba. Kuma a hankali ya sauya ma'anar kalmar al'ada ita kanta a kan yaranmu.

Bara makarantar su jikata ta yi ranar al'adu. Uwarta ta karɓo hayar saƙi da murjani da ƙwarya da ludayi, aka yi mata lalle, aka yi kitso, yarinya ta fito gwanin sha'awa. Aka ɗauki hotuna sun fi talatin, aka sa a sitatus, 'yan uwa na Kano da Abuja suka yi ta sa albarka. Da suka biyo ta shago na ce, "Amarya, me za ki dama mini a ƙwaryar nan?" Ta dube ni da gaskiyarta ta ce, "Kaka, ai ba ta damu ba ce, ta hoto ce." Bayan la'asar aka mayar wa mai haya kayansa. Na daɗe ina juya maganar yarinyar nan, don ba ta yi kuskure ba. Abin da aka nuna mata ta faɗa. A wurinta al'ada kaya ce da ake sawa rana ɗaya a cire. Ba a kan yaran yau aka fara ba: hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a nan Kaduna a 1956, da wanda aka yi lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a 1977, duk al'ada ce aka ɗauko daga inda take aiki aka kawo filin kallo. A Zazzau jahi mubaya'a ce ga sarki, a filin Kaduna ya zama abin tafi. Sai dai a wancan lokaci in an tashi daga kallo kowa yana komawa gida ya tarar da sauran al'adar tana jiransa. Yanzu ɓangaren da ke kyau a hoto shi ke neman zama al'adar gaba ɗaya. Durƙusa wa babba, da kawaicin uwa a kan ɗan fari, da kwanon tuwon da ake miƙa wa maƙwabci ta katanga, da zaman dubiya na awa guda ba tare da wata magana mai yawa ba, waɗannan ba sa ɗaukuwa a kyamara, shi ya sa suke zamewa daga lissafi.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Wani yaro a layinmu ya gamu da tsautsayi a hanyar Zariya, rai ya yi halinsa. Labari ya iso wa maza a bakin masallaci, muka tsaya muna shawarar wanda zai shiga wurin uwar. Ku kun san yadda ake yi. Dattijo ne yake zuwa, ya yi sallama, ya zauna. A aika a kira aminiyarta ko yayarta ta zo ta zauna kusa da ita kamar zuwan hira. A ce an samu tsautsayi, yana asibiti. A ɗan jima a ce jikin ya yi tsanani. Ita ma a lokacin zuciyarta ta fara gaya mata, ta fara salati, sannan a ce sai haƙuri, kuma akwai hannun da zai riƙe ta. Ba mu kai ga zaɓen wanda zai je ba muka ji ihu daga cikin gidan. Ƙanwarsa ce ta buɗe waya ta ga hotonsa a sitatus ɗin abokinsa, an rubuta Inna lillahi a ƙasa. Uwar tana tsakar gida ita kaɗai da muciya a hannu.

Na san yaron da ya sa hoton. Ba mugu ba ne, ya fi kowa kuka a maƙabarta. A ganinsa zumunci ya yi, ya sanar da jama'a su yi addu'a. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa labarin mutuwa yana da ƙofar da yake bi, da dalilin da ya sa. Gidajenku ma suna sanarwar rasuwa tun da daɗewa, amma daga hannun iyalan mamaci take zuwa, bayan na kusa sun ji. Wannan ladabi ne da kuka yi wa na'ura linzami da shi. Yaron nan an ba shi gidan rediyo sukutum a aljihu, ba a ba shi linzamin ba.

Ba zan zalunci waya ba. Tun da layukan GSM suka shigo a 2001 na ga alherinta da idona. Yayata da ke ƙauye ba ta taɓa shiga aji ba, yau tana turo mini saƙon murya, da karin maganarta da habaicinta, ba ta bukatar a rubuta mata wasiƙa a karanta sirrinta. Matan aure suna sayar da turaren wuta da dambun nama daga ɗakinsu. Yara suna rubuta Hausa a kullum fiye da yadda muka taɓa rubutawa. Matsalar ita ce abin da suke tararwa a ciki in sun nemi nasu.

Wannan ya kawo ni ga ainihin dalilin wasiƙar. Watanni kaɗan da suka wuce wata tsohuwa ta zo shagona daga Rigasa, jikanta saurayi ya kawo ta a babur. Ta kwance bakin zaninta ta ciro kaset naɗe cikin tsohon ɗankwali. Mijinta ne ya aiko da shi daga Makka a shekarun 1980, lokacin da masu zama can suke naɗar saƙo a kaset su ba alhazai su kawo gida. Ya daɗe da rasuwa. Ta ce, "Malam, so nake in ƙara jin muryarsa kafin nawa ya zo." Da na duba ta 'yar tagar kaset ɗin na ga fumfuna ta yi fari a gefen zaren, wani wuri kuma ya manne. Na kwance kusoshin, na ɗauke zaren na mayar a wani gida mai lafiya, na riƙa juyawa da biro a hankali ina sharewa da auduga. Inda tsohon rediyonsu ya taɓa taunewa na yanke na haɗa da salatif. Kwana biyu ina wannan aiki. A cikin awa guda da aka naɗa, abin da na iya cetowa bai wuce minti goma sha ɗaya ba.

Ranar da suka dawo na goge hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, da sifirit na danna. Sai ga muryar mutum a cikin ƙarfinsa, yana sallama, ana jin hon ɗin motoci a bayansa. Ya fara da gaida mahaifinsa, sannan mahaifiyarsa, sannan baffanninsa ɗaya bayan ɗaya bisa girmansu, sannan liman, sannan mai unguwa. Da ya zo kan ɗansa na fari bai kama suna ba, ya ce a gaida yaron nan, a ce ya riƙe allo. Ita kuwa matar, cewa ya yi yana gaida mutanen gida, ya yi ɗan shiru, ya wuce. Tsohuwa ta rufe fuska da mayafi. Jikan ya ce, "Hajiya, ya gaida kowa amma ke bai ambace ki ba." Ta share ido ta ce, "Kai yaro, ai nan da ya yi shiru, ni ce." Nan a kan bencina ta zauna ta warware masa: a gaban iyaye za a sa kaset ɗin, ɗa mai kunya ba ya kiran sunan matarsa ko na ɗan farinsa a gaban waɗanda suka haife shi, kuma yaron nan da aka ce ya riƙe allo shi ne uban shi jikan. Saurayin nan ya sa ɗana ya tura masa muryar a waya, ya saurara sau uku kafin su tafi. Abin da shirye-shiryen tir da waya na shekara guda ba su koya masa ba, ya koye shi a minti goma sha ɗaya, saboda ya ji murya kuma akwai mai yi masa bayani a gefe.

Ranku ya daɗe, irin wannan kaset ɗin ne a hannunku, sai dai naku na al'umma ne gaba ɗaya. Muryoyin da suka ratsa ta ɗakunan naɗa na garin nan tun 1962 babu mai iya ƙirga su. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Ƙasimu Yero ya tafi a 2017, Usman Baba Pategi, Samanja, ya bi shi a 2023. Ban da su akwai hirarraki da sarakunan noma da maharba da maƙera da unguwarzoma, da wasannin kwaikwayo, da jawaban shugabannin Jihar Arewa, da shirye-shiryen Fulatanci da Barbarci da Nufanci. Kuma a matsayina na mai wannan sana'a ina gaya muku, zaren naɗa ba ya jiran kowa. Garin ƙarfe ne aka liƙa a kan siririyar leda, muryar tana cikin garin ƙarfen. Zafi da raɓar damina suna cin abin liƙin, zaren ya manne ko ya riƙa zubar da garinsa a kan hed, kuma duk abin da ya zube ya tafi ke nan. Duk zaren da aka naɗa a shekarun 1960 da 1970, ko a ina yake ajiye, ya riga ya tsufa. Na'urorin da ke juya manyan zarurrukan nan an daina ƙera irinsu tuntuni, bel da hed sai an cire daga wata matacciya, masu iya gyaransu kuma kullum raguwa muke yi.

Kada a ce ai waƙoƙin suna intanet. Ku zo teburin ɗana ku ga yadda suke. Waƙa ta bi ta kaset biyar kafin ta shiga kwamfuta, ta dusashe, an yanke kanta, an liƙa mata sunan wani mawaƙin daban, babu shekara, babu garin da aka yi ta, babu wanda aka yi wa. Na ga yarinya ta yanko zambo na daƙiƙa ashirin daga waƙar fada ta ɗora a kan bidiyonta tana yi wa wata habaici. Ba ta san cewa zambon nan a gaban sarki aka yi shi ba, a kan 'yan uwan da suka nemi sarautar suka rasa, kuma yana da iyakar da makaɗi ba ya tsallakewa. Al'adar tana shiga waya ko kun so ko ba ku so ba. Tana dai shiga tsirara ne, babu bayanin da ke suturta ta.

Roƙona shi ne ku kwashe abin da ke ɗakunan ajiyarku zuwa kwamfuta tun zaren yana iya juyawa, a fara da mafi tsufa, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ba ku kaɗai za ku ɗauki kayan ba. Gidan Arewa yana nan a titin Rabah tun 1970, aikinsa ke nan adana tarihi, ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a titin Yakubu Gowon. Ɗaliban Hausa da na aikin jarida suna nan a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, suna neman abin da za su yi bincike a kai. Amma kwashewa kawai ba ta isa ba, don abin da aka kulle a kwamfutar ofis bai fi wanda aka kulle a kabad ba. A fito da shi inda yaran suke, a gajerun bidiyo irin waɗanda suka saba, kowanne da bayaninsa: wane ne wannan, a ina, yaushe, me ya sa ya faɗi haka. Ku ɗauko tsofaffin ma'aikatanku da suka yi ritaya, waɗanda suka riƙe makirufo a gaban mutanen nan, ku haɗa kowanne da matashin da ya iya yanka bidiyo. Ɗaya yana da sani, ɗaya ya san hanyar da ake bi a kai ga ido. In kuɗi ya shigo ta wannan hanya, a nemi magada a ba su haƙƙinsu. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma ko babu doka, bai dace jikan makaɗi yana fama da kuɗin makaranta wasu suna cin abinci da muryar kakansa ba.

Kada kuma aikin ya tsaya a kan Hausa. Mu Hausawa muna kukan Turanci yana cinye mana harshe, amma mu tuna cewa ƙarfin da rediyo ya ba Hausa ya danne harsunan maƙwabtanmu. Akwai matasan Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Adara a garin nan da Hausa ta fi zama a bakinsu fiye da harshen iyayensu. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, kowace shekara ana nuno rawarsa da kayan adonsa. A zauna da dattawan wurin su faɗi ma'anar abin da harshensu, a naɗa, a fassara a ƙasa. Garin da ya sha zubar da jini saboda rashin sanin juna ya fi kowane gari bukatar wannan.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ba sa bukatar ko sisi. Shafukanku na intanet su riƙa rubuta Hausa da ƙugiyoyinta, don baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kuma yara daga gare ku suke kwaikwayo. Sannan ku mayar da shi ƙa'ida, ku yi ta faɗa a iska kamar yadda kuka yi ta faɗar rigakafi da rajistar zaɓe har suka shiga kan mutane, cewa ba a sa hoton mamaci ko labarin rasuwarsa sai iyalansa sun ji ta bakin mutum.

Na san za a ce babu kuɗi. Tun da dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, kowa da talla yake rayuwa, kuma awa guda ta ɗan siyasa ta fi awa guda ta mai gurmi kawo kuɗi. Ga kuɗin gas na janareta, ga albashi. Duk na yarda. Amma farkon aikin nan na'ura ɗaya mai lafiya yake bukata, da kwamfuta ɗaya, da mutum biyu masu haƙuri, da shugaban da zai sa hannu ya ce a buɗe ɗakin.

A ƙarƙashin bencina akwai na'urar manyan zarurruka guda biyu da na saya a gwanjo shekaru da suka wuce. Ɗaya tana aiki, ɗayar ina cire mata kaya in gyara 'yar uwarta. Akwai kuma kwali uku na kaset da masu su suka bari ba su dawo ba, na rubuta abin da ke kan kowanne a littafi. Mu huɗu ne muka rage a cikin waɗanda muka koyi wannan aiki tare, ɗaya idonsa ya fara rauni. Na yi magana da su, kuma duk sun yarda: duk gidan da ya shirya buɗe ɗakin ajiyarsa, za mu zo da kayan aikinmu mu duba na'urorinsa, mu zauna da yaran da za a ba aikin har hannunsu ya faɗa, ba tare da mun karɓi ladan gyara ba. Ina shago kullum daga ƙarfe tara zuwa magariba, ban da Juma'a.

Allah ya ja zamaninku, ya sa ku gama lafiya.

Naku,
Mai gyaran rediyo,
Tudun Wada, Kaduna.